Gadon Gida Alala Ga Raggo: Martani Ga Masu Cewa "Blus Namu Ne"

Akwai wata magana da ta zama kamar goro a aljihun wasu 'yan bokonmu, marubuta da masu sha'awar rubutu, wadda duk inda aka ambaci kiɗa sai wani ya ciro ta ya raba wa jama'a. Maganar ita ce wai kiɗan blus na baƙaƙen fatar Amurka namu ne, daga ƙasar Hausa bayi suka tafi da shi, don haka jaz ma da ya sha nononsa jikanmu ne. Da an faɗi haka sai a gyaɗa kai, kowa ya ji ya ƙara tsawo, a tashi taro. To, mu nan Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, wannan magana ta ishe mu, kuma mun ga ya dace mu tanka a wannan fili ko da za a ce mun cika tsaurin ido. Ba mu hana kowa alfahari ba. Abin da muka ƙi shi ne mutum ya riƙa iƙirarin gonar wani a hayin teku, alhali kuwa tasa ta bayan gida ciyawa ta gama cinye ta.

Bari mu fara da adalci, domin maganar ba daga sama ta faɗo ba. A shekarar 1970 wani Baturen Ingila mai suna Paul Oliver ya fitar da littafinsa Savannah Syncopators, inda ya ce masu neman tushen blus a cikin gangunan kurmin bakin teku sun ɓata hanya, su dubi yankinmu na fako, ƙasar goge da molo da gurmi, inda mutum ɗaya kan zauna da abin kiɗansa yana jan murya yana karya ta. A 1999 Gerhard Kubik, mutumin Austiriya, ya ƙara wa zancen nauyi a littafinsa Africa and the Blues. A ciki ya ɗauko waƙar wani Bahaushe mai goge, Adamou Meigogué, wanda shi da kansa ya naɗi muryarsa a ƙasar Kamaru a 1964, ya jera ta da wata waƙa ta Big Joe Williams, mutumin Misisifi, ya nuna yadda salon jan muryar da tafiyar kiɗan suka yi kama. A tsakanin nan kuma duniya ta ji Ali Farka Ture na Mali, musamman bayan faifansa Talking Timbuktu na 1994 da ya yi da Ry Cooder, wanda ya ci lambar Grammy. Daga nan ne zancen ya gangaro har ya iso majalisunmu, kowane baki ya ɗan ƙara masa gishiri.

Amma kama da wane ba ta wane. Su waɗannan masana magana suka yi a kan yanki mai faɗi, tun daga Senegal har arewacin Kamaru, ba su ce Sakkwato ko Kano ba. Kuma tarihi bai goyi bayan mai gaggawa ba: lokacin da Hausawa suka fi yawa a jiragen bayi shi ne bayan fara jihadi a 1804, kuma akasarinsu Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su, inda sunansu ya fito ɓaro-ɓaro a yunƙurin tawayen 1807 da waɗanda suka biyo baya. Ita kuwa Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808. Blus kansa sai wajen ƙarshen wancan ƙarni ya bayyana, a gonakin audugar kudancin Amurka, a bakin mutanen da suka yi shekaru aru-aru ba su ga Afirka ba, suka ƙera shi da irin wahalar da su kaɗai suka san ɗacinta. Wanda ya zo yau ya ce musu "ai namu ne" ya yi daidai da mutumin da bai je noma ba, bai je girbi ba, sai ranar rabon dami ya bayyana da igiyarsa.

Wannan duk ba shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Ga abin da masu wannan magana ba su taɓa tsayawa suka tambayi kansu ba: ta yaya Kubik ya iya yin wannan kwatance? Ya iya ne domin waccan waƙa ta Big Joe Williams tana da takardar haihuwa. An san an naɗe ta a Shikago a 1935, an san kamfanin da ya buga faifan, an san lambarsa, har sunan tsohon da ya goga masa goge mai tsirkiya ɗaya an rubuta, ana ce masa Dad Tracy. Mutumin da bai yi suna ba, bai yi kuɗi ba, amma bayan kimanin shekara casa'in ga mu a Darna muna ambatonsa. Wa ya adana sunan nan? Ba gwamnatin Amurka ba ce, ba kuma jami'a ba ce ta fara. Masu tara fayafayai ne, mutanen da a garinsu ma kallon zararru ake yi musu.

Ya kamata mai karatu ya san irin aikin da waɗannan mutane suka yi, domin a nan ne kunyar take. An buga faifan jaz na farko a 1917, na blus da muryar baƙar mace kuwa, wato Mamie Smith, a 1920. Kamfanoni ba su ɗauki waɗannan fayafayai a bakin komai ba in ban da abin sayarwa yau a manta gobe. Amma tun 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya fitar da littafi wanda babu komai a cikinsa sai jeri: wane ne ya busa ƙaho a faifai kaza, wane ne ya buga ganga, a wane gari, a wace rana. A 1961 Brian Rust na Ingila ya fitar da nasa na jaz, a 1964 kuma Dixon da Godrich suka fitar da na blus. Akwai waɗanda suka riƙa bi gida-gida a unguwannin baƙaƙe suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar ko akwai tsohon faifai a ƙarƙashin gado. Ta haka ne a 1963 wani saurayi ya saurari wata tsohuwar waƙa ta 1928 da ke ambaton wani ƙauye mai suna Avalon, ya nemi ƙauyen a taswira, ya je, ya tarar da mai waƙar, Mississippi John Hurt, da ransa yana aikin gona. Ya dawo da shi fagen kiɗa, tsohon ya ci moriyar waƙarsa shekara uku kafin ya rasu. Robert Johnson kuwa waƙoƙi 29 kacal ya bari, waɗanda aka naɗa a 1936 da 1937, ya mutu a 1938 yana saurayi. Da aka haɗa su wuri ɗaya a 1990, tare da bayanin kowace, sai da aka sayar da fiye da miliyan.

Haka masu son kiɗan Kuba suka yi. Cristóbal Díaz Ayala ya shafe rayuwarsa yana tara fayafayan Latin yana rubuta tarihin kowanne, daga baya ya miƙa tarin ga wata jami'a a Florida a 2001 don kowa ya amfana.

To, mu juyo gida. In akwai garin da ya kamata a ce ana wannan aiki, ai Illela ce. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur, kuma Allah ya ajiye mu a inda koguna biyu na kiɗa suka haɗu. Ta kudu, ta hanyar Sakkwato, muna samun abin da gidan rediyon Kaduna ke watsawa tun shekarun 1960, da fayafayan kamfanonin Ikko. Kada a manta, Louis Armstrong kansa ya zo Arewa a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna. Ta arewa kuwa, ta Ƙonni da Tawa da Yamai, kiɗan Kuba ne ya kwararo, domin ƙasashen renon Faransa sun kamu da shi tun daga fayafayan nan masu alamar GV da kamfanin Ingila ya fara turowa Afirka a 1933. Wannan ƙauna ce ta kai Boncana Maïga na Gao karatun kiɗa a Habana a shekarun 1960, ita ce kuma ta haifi ƙungiyar Africando a farkon shekarun 1990. Direbobin manyan motoci, da fatake, da 'yan ci-rani, da sojojin da suka dawo gida, duk sun shigo da faifan garmaho da kaset ta wannan iyaka, sun fita da na Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Shata. Duk wanda ya san kasuwar Illela ta ranar Lahadi a zamanin kaset ya san yadda rikodar wannan rumfa ke ƙoƙarin danne ta waccan.

Ina waɗannan kaya yanzu? Wasu suna nan a tsofaffin akwatuna da adakoki, a hannun dattawan da 'ya'yansu ke jiran su kau da kai a zubar da "tarkace". Zaren kaset ba ya jure zafin bazararmu, ƙurar hunturu na cin sa, damina ta sa ya manne. Faifan garmaho kuwa in ya faɗi sau ɗaya an gama.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce ai yanzu babu abin da ya ɓata, je ka tasha wurin masu tura waƙa a waya, da 'yan kuɗi kaɗan za su cika maka memori da Narambaɗa tun daga farko har ƙarshe, ko ka hau YouTube. Wannan ita ce yaudarar da ta fi kowace haɗari, domin tana sa mutum ya yi barci yana zaton an tsare masa gida. Buɗe memorin nan ka duba. Waƙa ba suna sai lamba. Wata an yanke mata kai don ta shiga, wata an yanke wutsiya. Ta wannan makaɗi an liƙa wa wancan, saboda yaron da ya tura bai san bambancin kotso da taushi ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya koya masa. A zamanin kaset aƙalla akwai kwali, akwai hoto, wani lokaci har da sunan kamfani. Yanzu murya ce tsirara take yawo daga waya zuwa waya, kamar tsintacciyar mage. Tara waƙa dubu a aljihu ba tare da sanin ko ɗaya daga cikinsu ba, wannan ba adanawa ba ne, jibgewa ce.

Ga jarrabawa ga duk mai cewa blus namu ne. Ɗauki Bakandamiya ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wadda ba Bahaushen da zai ce bai san darajarta ba, wadda kuma aka yi a ƙasar da ba ta da nisa da mu. A wace shekara aka naɗi wadda ke cikin wayarka? A fada aka naɗa ko a ɗakin rediyo? Wa ya riƙe na'urar? Su wane ne 'yan amshin da muryoyinsu ke tashi a bayansa, waɗanda in babu su waƙar ba ta tsayuwa? Sau nawa ya rera ta aka naɗa, kuma me ya ƙara ko ya rage daga wannan zuwa waccan? In ka amsa biyu daga cikin biyar, mun sara maka. Mun san sunan mai gogen Shikago na 1935, amma 'yan amshin Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, sai dai a ce "yaransa". Wannan shi ne ainihin bambancin da ke tsakaninmu da masu blus, kuma ba jirgin bayi ne ya kawo shi ba.

Ba mu ce ba a yi komai ba, kada a yi mana ƙage. David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, kuma shi da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa makaɗan baka hidimar da ba mai iya biyan sa, da Makaɗa da Mawaƙan Hausa da kuma jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun ba mu Shata Ikon Allah a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Shata. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, inda marigayi Malam Maman Barka ya yi aiki. Amma duk wannan aikin 'yan tsiraru ne, kuma ya fi karkata ga manyan da suka riga suka yi suna. Mai gogen da ya yi tashe a Gada ko Gwadabawa, da mai gurmin da ya cika Ƙonni da Madawa shekara arba'in da suka wuce, da matan da ke waƙar daɓe da niƙa, wa zai bi sawunsu? Farfesa ba zai iya shiga kowane zaure ba. Aikin na mutanen gari ne masu iya riƙe biro, wato mu da ku da ke karanta wannan mujalla.

Kuma in ba a yi ba, wani zai yi. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ɗin lantarki a gidan rediyon Nijar a 1978, aka buga kaset kaɗan, aka yi ta amfani da kiɗan a rediyo da talabijin shekara da shekaru. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, sannan duniya ta san da shi. Shi dai wannan mutum ne ya tattara waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutanen Sahara ya fitar a 2011, ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don ya san sunayensu, a 2013 kuma ya fitar da faifan waƙoƙin finafinan Hausa. Nan da nan sai ka ji 'yan uwa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tambayar wa ke cin riba tambaya ce mai kyau, a yi ta, a kuma matsa. Amma wanda ya bar kayansa a bakin hanya shekara talatin da biyar ba shi ne ya fi cancantar ɗaga murya ba in baƙo ya tsinta ya goge ƙurar.

Akwai kuma masu cewa sauraron jaz da blus da kiɗan Kuba kwaikwayon Nasara ne, ɗan Hausa na ƙwarai ba ya ɓata kunnensa da shi. Abin dariya, sau da yawa bakin da ya ce "namu ne" da safe shi ke cewa "na Nasara ne" da yamma. A zaɓi ɗaya mana. Mu dai abin da muka lura shi ne, 'yan tsirarun dattawan da suka san Armstrong da Franco da Orchestra Baobab su ne kuma suka fi kowa iya bambance Salihu Jankiɗi na farko da na ƙarshe, domin kunnen da ya saba da kwatantawa ba ya ƙyale komai ya wuce. Masu ganin kiɗa bai halatta ba kuwa, ba mu da ja da su a nan, kowa da malaminsa. Sai dai rubuta cewa wane ya rayu, ya yi waƙa kaza a shekara kaza, tarihi ne, kuma malaman Sakkwato ba su taɓa ƙyamar rubuta tarihi ba, har na waɗanda suka yaƙa.

Wani zai ce me ya haɗa marubuci da wannan, shi da ke fama da neman kuɗin buga littafinsa? Abubuwa da yawa. Duk mai koyon rubutu da ke kukan Hausarsa ta yi ƙaranci, to rumbun yana cikin waɗannan kaset. Gobiranci da Adaranci da Zamfarancin da ke bakin Ɗan Anace in yana wasa Shago, ko Kassu Zurmi in yana zuga 'yan tauri, babu ƙamus ɗin da ya kwashe rabinsu. Sannan ku duba littattafanmu na hikaya: sai a ce "makaɗa suka goce da kiɗa", shi ke nan. Wane kiɗa? Kalangu ne ko duma? Marubucin bai sani ba, shi ya sa bikin da ke littafinsa na Sakkwato bai bambanta da na Kano ba. Na uku, kuma wanda ya fi damun mu, ba mu da al'adar rubuta sharhin kiɗa. A teburin mai shayi za ka ji muhawara mai zafi, mai ilimi, a kan ko Ɗanƙwairo ya kamo Narambaɗa, wane ya fi iya saƙa zambo a cikin yabo, wace shekara muryar Shata ta fara sauyawa. Mutane ne da suka san abin da suke faɗa. Amma da an kwashe kofuna magana ta bi iska. Masu jaz irin wannan gardama suka yi, sai dai su sun yi ta a takarda, a ƙananan mujallu waɗanda ba su fi wannan tamu kauri ba, kuma daga nan ne littattafan da muka ambata suka tsiro.

Kada kuma a ɗauka lokaci na jiran kowa. An rufe wannan iyaka tamu daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har cikin 2024. Dattijon da ke Ƙonni da akwatin fayafayansa, wanda da za ka je ka same shi kafin azahar, sai ya koma kamar yana wata duniya, kuma ba duka ne suka jira aka buɗe ba. Matsalar tsaro a gabashin jihar nan ta sa garuruwan da suka haifi manyan makaɗanmu, irin su Isa da Sabon Birni, sun zama wuraren da mutum ke tunani sau biyu kafin ya nufa. Mutanen da suka tashi daga ƙauyukansu da abin da kai zai iya ɗauka ba su ɗauko kaset ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba ya bukatar tallafin kowace hukuma. Kowane reshe na ƙungiyarmu ya sayi littafin rubutu mai ƙwarin bango. Duk memban da ya san gidan da ke da tsohon faifai ko kaset, ya je da ladabi, ya zauna da mai shi. Kada ya fara da roƙon a ba shi, domin nan ne ake korar mutum. Ya kwafe duk abin da ke jikin kwalin ko tsakiyar faifan, harafi da lamba, ko da bai gane amfaninsu ba. Ya tambayi mai kayan a ina ya saya, a wace shekara, ko aƙalla zamanin wane sarki ko wane gwamna, kuma wa ya sani a cikin masu amshi. Ya rubuta wanda ya faɗa masa, da ranar. Abin da aka ce "an ce", a rubuta shi a matsayin "an ce". In faifan Kuba ne ko na Armstrong aka tarar, shi ma a rubuta, domin yadda ya iso Illela labarinmu ne. Tsohon kaset kuwa kada a cusa shi a kowace rikoda don ɗoki, a nemi mai gyaran rediyo ya duba ta tukuna, kuma a naɗi abin da ya fito a waya tun a karon farko, don wani zaren ba ya yarda a juya shi sau biyu. Daga Edita kuma muna roƙon shafi biyu a kowace fitowa, a riƙa buga abin da aka samo, da sunan garin da aka samo shi, domin wanda ya ga kuskure ya aiko da gyara. Reshen da ya fara aiko da sunayen 'yan amshin Narambaɗa, tare da wanda ya shaida, mu mutanen Darna mun ɗauki nauyin goronsa.